Abin da Aikin Fasa Dutse Ya Koya Mini Game da Nakiya

Kilo ɗaya na busasshen itacen girki ya fi kilo ɗaya na nakiyar da ake kira TNT yawan zafi a cikinsa, ninki uku ko fiye. Man fetur kuwa ya ninka TNT kusan sau goma. Mutane da yawa ba sa yarda idan na faɗa musu haka, kuma ban ga laifinsu ba, domin itace tuwo yake dafawa, nakiya kuwa dutse take tsagawa. Bambancin yana wajen lokaci. Itace yana sakin zafinsa sannu a hankali, sai ya jira iska ta kawo masa oksijin kafin ya ci. Yawancin abubuwa masu fashewa ba sa jiran iska, suna ɗauke da nasu oksijin a jikinsu. Da zarar an tayar da su sai su rikiɗa gaba ɗaya su koma gas mai tsananin zafi kafin ƙiftawar ido, gas ɗin ya nemi wurin da ya ninka na da sau ɗaruruwa, duk abin da ya tare masa hanya ya ture shi. Wannan shi ne ma'anar abu mai fashewa, kuma da shi aka fara mana horo kafin a bar mu mu taka wurin fasa dutse.

Ba dukansu ne iri ɗaya ba. Albarushi, wanda Sinawa suka gano fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wanda kuma 'yan bindiga ke ɗurawa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, ƙonewa yake yi da sauri ƙwarai, sai an matse shi a cikin bututu yake yin ƙara mai firgitarwa. Su TNT da dinamit ba ƙonewa suke yi ba. Wata girgiza ce ke ratsa su, gudunta a cikin TNT ya kusa kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa albarushi ke tunkuɗa abu, su kuwa su farfasa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin yadda aka shawo kansu. A 1847 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa ruwan nitrogilisarin a birnin Turin, kuma shi kansa ya tsorata da abin da ya haɗa, domin ɗan bugu kaɗan yana tayar da shi. A 1864 ruwan ya tashi a masana'antar iyalan Nobel a Stockholm, ya kashe mutane, ciki har da Emil, ƙanin Alfred Nobel. Abin da Alfred ya yi bayan nan ba ƙara wa ruwan ƙarfi ba ne. Ya jiƙa shi ne a cikin wata ƙasa mai laushi da ke tsotse ruwa, ya zama ana iya ɗauka a yi tafiya da shi, ya yi masa rajista a 1867 da sunan dinamit. Tun daga nan masana suka fi mayar da hankali kan nakiyar da za ta zauna shiru har sai an ce ta tashi. Irin wadda muke ɗurawa a ramukan dutse a yau ba ta tashi ita kaɗai cikin sauƙi, sai an haɗa ta da wani ɗan ƙaramin abin tayarwa mai kamar gutsuren fensir, wanda shi ne mai saurin fushi.

Saboda haka ba a taɓa ajiye su wuri ɗaya. A wurin aikinmu ma'ajiyar nakiya tana can nesa da ofis da gidajen ma'aikata, an kewaye ta da tudun ƙasa, ta abin tayarwa kuma tana wani gefe da nata makulli. Kafin ka shiga za ka ajiye waya da ashana da duk wani ƙarfe da ke aljihunka a kan wani benci a waje. Ciki babu wutar lantarki, akwatuna na kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango. Akwai littafi a bakin ƙofa: abin da ya fita, wanda ya karɓa, abin da aka dawo da shi. Idan lissafin yamma ya gaza da guda ɗaya, babu mai tafiya gida. Na ga ranar da aka kai bayan isha'i ana ƙirga, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Ranar fasawa ana kafa jan tuta, a tare hanya, a kaɗa jiniya. Lokacin da ya fi kowane nauyi shi ne bayan ƙarar, idan ana zargin wani rami bai tashi ba. Dattijon da ke jagorantar aikin, wanda kowa ke kira Baba, yakan zauna a bayan katanga ya ɗora agogonsa a gwiwa. Dokarmu minti 30 ce. Direbobin tifa suna ta hon, mai kwangila yana kai da komo, shi kuwa ko kallonsu ba ya yi. Idan wani matashi ya miƙe zai leƙa, sai ya ce, "Zauna, ɗana, dutsen ba gudu zai yi ba." A wurinsa na koyi cewa rabin wannan sana'a haƙuri ne.

Manyan masifun da na sani ba a lokacin aiki suka faru ba, a wurin ajiya ne. Ranar 27 ga Janairu 2002 gobara ta kai ga ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja a Legas, mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu a cikin wata babbar magudanar ruwa suka nutse suna gudun ceton rai. Ranar 4 ga Agusta 2020 tan 2,750 na amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin taki da shi, ya tashi a tashar jiragen ruwa ta Beirut bayan ya shafe kusan shekara shida a jibge a sito, ya kashe fiye da mutum 200. A Janairun 2024 kuma unguwar Bodija ta Ibadan ta girgiza, gwamnan jihar Oyo ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka tara nakiya a cikin wani gida.

Na Ibadan ɗin ne ya fi damuna, domin irinsa na iya faruwa a kowane garin da ake haƙar zinari ko fasa dutse a Arewa. Najeriya tana da dokar abubuwa masu fashewa tun 1964, kuma saye da ajiya da jigila duk sai da lasisi. Amma mai haƙa da ya sayo a bayan fage ba shi da ma'ajiya, a ɗakin kwana yake turawa ƙarƙashin gado, yara na wasa a tsakar gida, ana girki a gefe. Zafin bazara kuma yana lalata dinamit. Idan ta tsufa takan yi gumi, ruwan nitrogilisarin ya tsattsafo a jikin takardar, ta koma irin halin da ya tsorata Sobrero. Wanda ya ci karo da irin wannan, ko da wani abu da bai gane ba a gona ko a kango, kada ya ɗaga, kada ya zuba masa ruwa, kada ya ce zai kai wa hukuma da hannunsa. Ya janye mutane nesa, ya sanar da 'yan sanda su turo sashen masu kwance bam.