Tauraron da ya tuɓe rigarsa

Sai da na kwana uku ina hawa saman benenmu a Rijiyar Zaki kafin na ga Heliks, wani dunƙulen iska mai haske can cikin taurari. Ƙarshen Oktoba ne, damina ta janye, hazo bai sauko ba tukuna, ga shi babu farin wata. A dare na uku aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu ƙirin. Na saita madubin hangen nesa ta kudu, na kama tauraron nan mai haske, Fomalhaut, sannan na ɗan hau arewa maso yamma da shi.

Da farko ban ga komai ba. Heliks ta kusa kai faɗin cikakken wata a sararin sama, amma haskenta ya bazu, ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Dabarar ita ce kada ka zuba mata ido kai-tsaye. Ka kalli gefe kaɗan, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Ina kawar da ido sai ga ta, wani tabo toka-toka, kamar hucin baki a jikin gilashi.

Masana na kiran irinta hayaƙi mai kama da duniya, suna da ya samo asali tun zamanin masanin taurari William Herschel, wajajen 1780, don a ƙananan madubai wasunsu kan fito a kewaye. Amma ba duniya ba ce. Tauraro ne irin ranarmu da makamashinsa ya ƙare, ya tuɓe rigar iskar da ke jikinsa ya watsar. Ƙwayar da ta rage a tsakiya, mai tsananin zafi, ita ke haska iskar. Rana ma haka za ta yi nan da shekara kusan biliyan 5, in Allah ya kai ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nisan. Hasken ya yi tafiyar shekara kusan 650, ke nan ya baro gida a zamanin Sarki Yaji, lokacin da Wangarawa suka shigo Kano. Ya biyo duk wannan hanya ya faɗo cikin idona.

Ƙanwata ta hawo da shayi, na matsa mata.

"Yaya, ni fa duhu kawai nake gani."

Na ce ta kalli gefe, ta yi haƙuri. Ta daɗe shiru, sannan a hankali ta ce, "Tabarakallah, ga shi can."