Mako na bakwai: ƴan kunyoyin da ke kan dutsen Osu

Ƴan'uwa masu koyon ilimin duwatsu, barkanmu da war haka. Ranar Asabar bayan sallar asuba na hau trotro, wato motar haya, daga unguwar Nima na sauka wajen Osu a nan Accra, na taka zuwa bakin teku da ɗan littafina da madubin ƙara girma. Wannan karon na duba lokacin janyewar ruwa kafin in fito, don makon jiya na iso na tarar teku ta rufe komai, na koma gida da jiƙaƙƙen wando.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan: duwatsun nan na gaɓar Accra na zamanin Debon ne, wato tsakanin shekara miliyan 419 da 359 da suka wuce. Hawa uku ne. Na ƙasa dutsen yashi ne mai kaushi, wani wurin har da tsakuwa a ciki, yana zaune kan wani tsohon dutse da ya girme shi nesa ba kusa ba. Na tsakiya dutsen laka ne mai ɓarewa falle-falle. Na sama kuwa yashi da laka ne suke karɓa-karɓa.

Abin da ya cinye mini safiya shi ne wani faffaɗan dutse da samansa ya yi ƴan kunyoyi, kamar gonar da aka yi wa huɗa amma ƙanana, tsakanin ɗaya da ɗaya bai kai tsawon yatsana ba. A makonnin baya duk inda na ga irinsu sai in rubuta "kogi" in wuce. Ashe garaje nake yi. Dole sai ka durƙusa, ka kawo ido daidai da dutsen, ka dubi kunyar ta gefe. In gefe ɗaya ya kwanta a hankali, ɗayan ya yi tsaye, ruwa ne mai tafiya hanya ɗaya, kuma ɓangaren da ya yi tsayen nan ruwan ya nufa. In gefen biyu sun yi daidai, igiyar ruwa ce mai kai da komowa a wuri marar zurfi. Na shafa da yatsa sau da yawa, ta nan da ta can, ban ji bambanci ba. Da na juya, taku kaɗan daga inda nake, ga irinsu sak a kan ɗanyen yashin da ruwa ya bari da asuba, da ledar fiya wata kwance a kai. Gani ya kori ji.

Wani mai kamun kifi da ke gyaran koma ya tambaye ni ko zinariya nake nema. Na ce yashi nake karantawa. Ya girgiza kai.

Sai dai kada a ruɗe kamar yadda na ruɗe da farko: ba wannan tekun ba ce ta shimfiɗa su. A zamanin Debon babu Atlantika, ƙasar nan manne take da Brazil a cikin babbar nahiyar Gondwana. Wata teku ce daban.

Dutsen lakar kuma na gwada shi da haƙori, yadda masana duwatsu ke yi. Ka ɗan goga gutsure a haƙoran gaba: in ka ji gurzar yashi, da sauran ƙwaya a ciki, in ya yi santsi, laka ce zalla. Laka ba ta kwanciya sai inda ruwa ya natsu, ƙasa da inda igiya ke motsa shi. To tunda tana bisa yashin, ke nan ruwan ya ƙara zurfi ya hau kan gaɓa, daga baya yashi ya fara dawowa. A wannan hawa na tsakiya aka samu burbushin halittun teku, masu ɓawo biyu da tirailobait, wasu halittu masu kama da ƙwaro da suka ƙare tun tuni. Ni dai na ɓare falle ya fi ashirin ban ga ko ƙafar ƙwaro ba.

Mako mai zuwa zan zo da kamfas, in auna inda shimfiɗun da suka karkace a cikin dutsen yashin suke fuskanta. Duk wanda zai zo ya sa takalmin da ya rufe ƙafa, akwai fasassun kwalabe tsakanin duwatsun.