Lamba ɗaya gaban lambobi biyu

Laraba, da dare.

Tun safe tambaya ɗaya ta hana ni sakat: wanne ya fi girma, 101^50 ko kuwa 100^50 + 99^50? Wato kowace lamba a ninka ta da kanta har sau 50. Zuciyata ta fara ba biyun nan gaskiya, tunda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na danna 100^50 a kalkuleta, ya nuna mini kuskure. Ba laifinsa ba ne, lamba ce mai sifili 100 a bayan 1, ta wuce iyakarsa. Ko da ya amsa ma, ni hujja nake nema.

Na ɓata shafi biyu ina ƙiyasi. Sai da rana ta yi sanyi dabara ta faɗo mini: in mayar da 99^50 ɗaya gefen, in ga ko 101^50 − 99^50 ya haura 100^50. Ai 101 shi ne 100 + 1, 99 kuma 100 − 1. Na warware su da ƙa'idar bainomiyal, wadda ke baje irin (100 + 1)^50 gaɓa-gaɓa, na jera ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na debe. Ina bi da fensir ina sokewa: gaɓa ta farko ta tafi, ta biyu ta ninku, ta uku ta tafi, haka har ƙarshe. Gaɓar farko da ta tsira ita ce 2 × 50 × 100^49. To 2 × 50 ai 100 ne! Ita kaɗai ta yi daidai da 100^50, ba ragi ba ƙari, sauran da ke biye kuwa duk ƙari ne. Ashe 101^50 ne babba. Na daɗe ina kallon layin nan, daɗi ya cika ni.

Na kasa ajiye fensir, na gwada ninkawa sau 49 a maimakon 50. Nan gaɓar farko 98 ta bayar a ma'aunin da ake neman 100, sai da ta biyu ta kawo kusan 3.7 kafin 101^49 ya tsallake biyun. A 48 kuwa labari ya juya: 96 da kusan 3.5, bai kai ba, biyun suka yi rinjaye.

Sai dai hujjar 48 ba ta cika ba tukuna. Dole in nuna cewa ƙananan gaɓoɓin da suka rage, komai yawansu, ba za su cike ɗan rabin da ya saura ba. Na lissafa ta uku, ba ta kai 0.04 ba. Sauran sai da safe, idona ya fara yaji.