Kafin a Sayo wa Makaranta Kayan Masu Buƙata ta Musamman

Da yawa daga kayan da ke jibge a sito-sito na makarantun masu buƙata ta musamman ba lalacewa ce ta kai su can ba. An sayo su ne tun ba a san wanda zai yi amfani da su ba. Takardar kwangila ta ce keken guragu kaza, na'urar ji kaza, ɗan kwangila ya kawo, aka ɗauki hoto, sai daga baya aka shiga neman yaron da kayan za su dace da shi. Aikin ya kamata ya faro ne daga yaron: a auna shi, a auna ajin da hanyar da yake bi, sannan a rubuta abin da za a saya. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan samar da keken guragu ta jera matakai takwas, kuma saye shi ne na huɗu. Uku na gabansa duk duba mutum ne da tantance abin da ya dace da shi, huɗu na bayansa kuwa haɗa keken, daidaita shi da jiki, koyar da amfani da shi, da bibiya tare da gyara.

Keke ne inda aka fi yin ɓarna, domin kowa gani yake ya san keke. Wanda aka fi kawowa shi ne mai naɗewa irin na asibiti, mai mazaunin leda da ƙananan tayoyin gaba. An yi shi ne don a tura majiyyaci a kan siminti daga ɗaki zuwa ɗaki. A harabar makaranta mai rairayi tayoyin gaban nutsewa suke yi, ledar mazaunin kuma tana lotsawa cikin 'yan watanni, gwiwoyin yaro su haɗe, ƙugu ya karkace. Girmansa na manya ne, yaro ɗan shekara takwas sai ya riƙa zamewa a ciki, hannunsa ba ya kai taya.

Awon ba shi da wuya, tef irin na tela ya isa. A zaunar da yaro a kan benci mai ƙwari, ba katifa ba. Faɗin mazauni ya yi daidai da faɗin ƙugunsa, da ɗan sararin da tafin hannu zai zura ta kowane gefe. Tsawon mazauni a auna daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa, a rage yatsu biyu ko uku, don kada bakin mazaunin ya danne jijiyoyin wurin. Matakin ƙafa ya ɗauki tafin ƙafar sosai, kuma ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 5, in ba haka ba duk dutse sai ya kama shi. Idan yaro ya saki hannunsa ƙasa, yatsunsa su kai kusa da tsakiyar babbar taya. In tayar ta yi baya da yawa, kafaɗa ce za ta biya bashin nan da 'yan shekaru.

Sai matashin zama, wanda kusan kullum shi ake cirewa idan kuɗi ya gaza. Yaron da shan inna ta kama yana jin jikinsa, in ya gaji da zama zai muskuta. Wanda lakarsa ta samu rauni ba ya ji, zai iya wuni a kan ƙashi guda har fatar ta mutu, ta zama gyambon da kan kai ga rasa rai. Irin wannan dole a ba shi matashi na musamman mai rami a daidai ƙasusuwan zama, a kuma koya masa ɗaga jiki ko karkatawa a kai a kai. Littattafan Turawa suna cewa a duba ja a fata, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi sauran duhu, ko ɗumi, ko tauri. Yaron da ba ya iya riƙe wuya da gangar jiki kuwa keke mai madogarar gefe da ta kai da ɗamarar ƙugu yake buƙata, kuma wannan aikin likitan gashin ƙashi ne, kamar waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ba na ma'ajin makaranta ba.

Keken hannu mai taya uku da masu walda ke ƙerawa a Kano da Jos yana da babbar fa'ida: tayarsa ta keke ce, sarƙarsa da boris ɗinsa da birkinsa duk akwai a kasuwa, kowane mai faci zai gyara. Ga tafiya daga gida zuwa makaranta babu kamarsa. Amma tsawonsa ba ya barinsa juyawa a aji, ba ya shiga ƙarƙashin tebur, ba ya shiga ban-ɗaki. Shi ya sa ake ganinsa fake a bakin aji, mai shi ya rarrafa ciki. Wanda ya ba da shi kaɗai rabin matsala ya warware. Batun taya ma sai an duba ƙasa: mai iska ta fi taushi, amma inda tsidau ya yi yawa faci ba ya ƙarewa, gara marar iska ko da za ta yi girgiza.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce, kuma gangaren da magina ke yi galibi na hawar da babur ne. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Dakalin aji mai tsayin santimita 30 yana son gangare mai mita 3.6. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, wurin juyawa santimita 150. Benci mai haɗe da tebur ba ya karɓar keke, a ware tebur guda wanda gwiwa za ta shige ƙarƙashinsa.

Na'urar ji ta fi keke saurin komawa sito. Ba a sayenta sai an yi gwajin ji an samu takardar da ke nuna yawan raunin kowane kunne, domin da ita ake saita na'urar. Abin ƙara sauti mai arha da ake tallarsa a kasuwa komai yake ƙarawa, har hayaniyar aji, yaro ya cire ya jefa a aljihu, kuma yana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Kunnen da ke zubar da ruwa magani yake so tukuna. Ga yara, wadda ake ratayawa a bayan kunne ce ta dace, tare da robar da aka zuba daidai da ramin kunnen yaron. Kunne yana girma, robar ta saki, na'urar ta fara fito. Malami sai ya rage sauti don fiton ya tsaya, daga nan yaron yana sanye da abin da ba ya ji da shi. Ƙananan yara kan buƙaci sabuwar roba bayan 'yan watanni, manya kamar shekara-shekara. Kafin a amince da mai kawo kaya, a tambaye shi wa zai zuba robar kuma a ina. Idan amsar ita ce sai an je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, to kuɗin mota ya shiga lissafi.

Batirinta ma na musamman ne, mai aiki da iska. Lamba 13 mai alamar ruwan lemo, 312 ruwan ƙasa, 675 shuɗi. Da an ɓare takardar da ke bayansa ya fara ci, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, kuma lamba 13 mako ɗaya zuwa biyu yake yi. A ninka wannan da makonnin shekara da yawan kunnuwa, a nan ake ganin ainihin tsadar na'urar. Batirin agogo ko da ya shiga ramin ba ya riƙe ta. Zufa da danshin damina suna cinye cikinta, don haka kowane yaro ya samu gwangwani mai murfi da ƙwayoyin tsotse danshi na kwana. Wanda kurmancinsa ya yi zurfi sosai, malamin da ya iya maganar hannu ya fi masa na'ura amfani.

A ɓangaren makafi, a fara raba wanda ba ya gani sam da mai ɗan gani. Yara da dama, musamman zabiya, tabarau da gilashin ƙara girma da manyan baƙaƙe da kujerar gaba sun ishe su, amma a tura su koyon Braille, rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa, suna leƙen ɗigon da ido. Ga makaho, allon hudawa da tsinkensa su ne tushe, kowane yaro da nasa, ba wuta ba batir. Injin Perkins na rubuta Braille da hannu, wanda ake ƙerawa tun 1951, yana da ƙarko, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 5 kuma ƙurar hunturu tana daskarar da shi in ba a rufe ba. Takarda ce ke tsayar da aikin: sirara ɗigonta yana mutuwa bayan karatu biyu ko uku. Kada a sayi injin buga Braille sai an tabbatar da wuta, da manhajarsa, da wanda aka koya wa aiki da shi, kuma a sa mai kawo kayan ya buga shafin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, makaho ya karanta a gabansa. Manhajar NVDA mai karanta allon kwamfuta kyauta ce, a gwada ta kafin a kashe kuɗi kan takwararta JAWS da ake saya. Sandar makaho a auna ta daga ƙasa zuwa ƙashin ƙirji.

A takardar kwangila a rubuta cewa ba a biyan ragowar kuɗi sai an daidaita kowane kaya da jikin mai shi, an koya wa malami da iyaye, an kuma kawo kayan gyara da batir na shekara guda. Kayan kyauta ma a yi musu wannan tambayar, domin ƙin karɓar keken da bai dace ba ya fi a karɓa a rasa inda za a kai shi. A buɗe rajista mai sunan yaro, awonsa, lambar kayan da ranar da aka ba shi, a sake auna shi duk bayan wata shida.