Wasiƙa daga Landan: Yadda Sankarar Huhu Ke Barin Inda Ta Tsiro

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum.

Ina rubuto muku daga Landan, inda nake aikin jinya a sashen masu ciwon ƙirji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne majinyacin da za a kawo yana kuka da ciwon baya ko ciwon kai, a ɗauki hoto a tarar tushen abin a huhu yake, sankara ta riga ta yi nisa.

Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyoyin iska a huhu manne suke da juna, kamar bulo da siminti. Hayaƙin taba, mai sinadarai kusan 70 masu jawo sankara, yana lalata umarnin gadon da ke cikinsu. Idan ɓarnar ta taɓa sassan wannan umarni da ake kira KRAS ko EGFR, masu ba ƙwayar izinin hayayyafa, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa babu tsayawa; idan ta taɓa sashen da ake kira TP53, mai tsawata mata ya tafi. Yaɗuwar kuwa tana farawa ne ranar da ƙwayar ta rage yin sinadarin da ke manne ta da maƙwabtanta. Sai ta saki jiki, ta narkar da shingen da ke ƙarƙashinta, ta faɗa jijiyar jini ko ta bi hanyar kaluluwa. Galibinsu a hanya suke mutuwa. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne ke yada zango a ƙwaƙwalwa, ƙashi ko hanta, wani lokaci tun mutum yana zuwa kasuwarsa lafiya lau.

A 2023, Farfesa Charles Swanton da abokan aikinsa a cibiyar Francis Crick ta nan Landan sun nuna cewa gurɓatacciyar iska tana tayar da ƙwayoyin da ke ɗauke da lahanin EGFR, ko da mutum bai taɓa kunna sigari ba. Iyayenmu mata na tuna, waɗanda ke wuni a gaban murhun itace idanu na hawaye.

Sankarar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya a 2022. A gida sau da yawa tarin fuka ake fara zargi. Don Allah, wanda ya sha maganinsa bai ga sauƙi ba, ko yake kaki da jini, ko yake ramewa, a mayar da shi asibiti a nemi a sake hoton ƙirji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

'Yar'uwarku a Landan