Abin da Yarjejeniyar Jay ta koya mini

Da na fara karatun tarihin kafuwar Amurka, ɗauka nake da zarar an rubuta kundin tsarin mulki, magana ta ƙare. Wakilai 55 sun taru a Filadelfiya a 1787, mutum 39 sun sa hannu, shi ke nan. Aikin rubutu da malaminmu ya ba ni kan shekarun farko na mulkin George Washington ne ya rushe wannan tunani.

A 1793 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila. Amurka tana da alkawarin ƙawance da Faransa tun 1778, amma Washington ya shelanta cewa ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce. Nan take gardama ta kaure: wa ya ba shugaba wannan iko, alhali majalisa ce ke da hurumin ayyana yaƙi? Alexander Hamilton ya kare shi a jarida da sunan aro na Pacificus, James Madison ya mayar da martani da sunan Helvidius. Su biyun sun zauna a zauren Filadelfiya, su biyun sun sa hannu. Na yi ta bin rubutunsu ina neman wanda ya murɗe gaskiya, ban same shi ba. Kundin ne ya bar wurin a buɗe, sai da rikici ya zo aka fara cike shi.

Inda na fi shan gyara shi ne kan John Jay, babban alƙalin Amurka a lokacin, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a Nuwamban 1794. A daftarina na farko na rubuta cewa ya sayar da ƙasarsa. Malam ya zagaye jimlar da jan biro, ya rubuta a gefe: "Da wane jirgin yaƙi zai yi ciniki?" Na koma na duba. A lokacin Amurka ba ta da rundunar ruwa, jirage shida da majalisa ta amince a ƙera a shekarar ko ɗaya bai hau ruwa ba. Sojojin Ingila kuwa suna zaune daram a sansanonin Detroit da Niagara, cikin ƙasar Amurka. Yarjejeniyar ce ta fitar da su a 1796. Na ji kunyar saurin hukuncina ƙwarai.

Majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar da ƙuri'a 20 da 10, kashi biyu cikin uku cif. Majalisar wakilai ta ce tunda lalitar kuɗi a hannunta take, sai ta ga takardun tattaunawar. Washington ya ƙi bayarwa. Kuɗin aiwatarwa ya tsallake da kyar, 51 da 48.

Na sake rubutun daga farko. Abu ɗaya dai na ƙi gogewa: yarjejeniyar ba ta ce uffan ba kan ma'aikatan jiragen Amurka da Ingila ke kamawa tana tilasta musu aiki a rundunarta, kuma har yau wannan shirun yana ci mini rai.