Neman gurbin karatun lafiyar al'umma kafin sakamakon konkur ɗin likitanci ya fito

Ƙannena da kuka ci bak C ko D (jarrabawar kammala sakandare ta ɓangaren kimiyya) a Garwa, Marwa da Ngaundare, kuka zauna konkur (jarrabawar gasar shiga makaranta) ɗin likitanci, yanzu kuna zaman jira: kada ku bari wannan jiran ya cinye muku shekara. A Kamaru tun 2013 jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa ke shigar da ɗalibi likitanci, harhaɗa magunguna ko likitan haƙori, ma'aikatar ilimi mai zurfi ce ke shirya ta, kuma masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Matsalar ita ce jami'o'i sukan buɗe rajistar farko tun kafin sakamako ya fito, su kuma rufe ba tare da sun jira kowa ba. Wanda ya naɗe hannu sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Abu na farko da ya kamata a gane: digirin lafiyar al'umma da aka fi sani matakin mastar ne, wato digiri na biyu, kuma ba a shiga mastar sai da lisans, digirin farko na shekara 3. Mai bak kawai ba zai tsallaka can ba. Abin da ke gabansa shi ne lisans a fannin da ke kaiwa can, kamar kimiyyar halittu ko kimiyyar da ta shafi lafiya, ko kuma konkur ɗin ma'aikatar lafiya na ma'aikatan jinya da ungozoma, wanda shi ma karatun shekara 3 ne. Mai lisans a hannu shi ne zai iya neman mastar kai tsaye, a Yawunde ko Dschang misali.

Sai maganar dosiye, wato kundin takardun neman gurbi, inda aka fi yin tuntuɓe. Haɗa guda biyu daban, kada ka dogara da cewa za a maido maka takardun da ka miƙa wa konkur. Kowane yana son kwafin takardar haihuwa da na sakamakon bak waɗanda hukuma ta buga wa hatimi, da tambur (kan sarki na haraji) a kai, da hotuna, da takardar likita, da rasit na biyan kuɗi. Idan ka je ofishin su-firefe, jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ka buga kwafi uku ko huɗu a zuwa ɗaya, domin a watan Satumba layi yakan kai bakin titi. Amma kada ka yi gaggawar yin su tun da wuri, saboda yawancin sanarwowi suna neman kwafin da bai wuce wata 3 ba.

Kafin ka bar gida, shimfiɗa takardar haihuwa da ta bak da katin ɗan ƙasa a kan tabarma, ka bi su harafi harafi. A yankinmu wannan ne ke kayar da yara masu ƙwazo: nan an rubuta Aminatou, can Aminatu, ko ranar haihuwa ta sha bamban saboda takardar ta fito ne ta hukuncin kotu bayan shekaru. Mai karɓar dosiye ba ya gyara komai, ajiye shi gefe zai yi. Gyaran kuma yana cin makonni.

Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Kwasa-kwasan sana'a da makarantu masu zaman kansu sun fi haka nesa ba kusa ba, don haka tambayi kuɗin shekara gaba ɗaya, har da na horon aiki a asibiti, kafin mahaifi ya sayar da buhunan masara. Shawarata ita ce a yi rajistar farko da wuri don riƙe gurbi, a jinkirta babban biya iya wa'adin da makaranta ta yarda, domin kuɗin da ya shiga asusu da wuya ya dawo. Makarantar kuɗi kuwa, a nemi ganin takardar izininta da sunan jami'ar gwamnatin da ke kula da ita, a ga fannin da ake so a rubuce a ciki.

Akwai wani kuskure da ke damuna ƙwarai. Wasu na zaton shekarar da suka yi a lisans za a lissafa musu idan suka ci konkur daga baya. Konkur na ƙasa ajin farko yake shigarwa, shekara 7 ɗin likitanci kuma daga nan suke farawa. Sanarwar minista ta kowace shekara tana ɗauke da iyakar shekarun haihuwa, sai ka lissafa sau nawa ya rage maka ka zauna. Idan kana da niyyar sake gwadawa, zaɓi lisans mai ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks, don karatun aji ya zama shiri.

Kuma kada a ɗauki lafiyar al'umma kamar rumfar jiran mota. Likita yana duba mai amai da gudawa ɗaya a gado. Ma'aikacin lafiyar al'umma yana bin sawun rijiyar da ta kwantar da unguwa, kamar yadda aka sha fama a kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa. Shi ke tsara rabon maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a damina, gida gida, wata bayan wata. Shi ke lura da sanyin firij ɗin rigakafi a cibiyar ƙauye, aikin da ya ƙaru tun da Kamaru ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara a Janairun 2024. Aikin na son lissafi, da iya kwamfuta, da haƙurin zama gaban lawan da liman ana bayani cikin Hausa ko Fillanci. Wanda alƙaluma ke gundurarsa, gara ya duba jinya ko aikin ɗakin gwaji.

Idan sunanka ya fito a likitanci bayan ka fara lisans, rubuta wa tsangaya takardar janyewa, ka karɓo duk wata takarda ta asali da ka ajiye, ka riƙe rasit ɗinka, sannan ka hanzarta rajista a inda aka tura ka, domin mai yiwuwa ba Garwa ba ce, wa'adin kuma gajere ne.